Asiri da Rufin Asiri: Tarken Labaran "Masu Juya Duniya" a Ma'aunin Sabon Ibadan

1.0 Gabatarwa

Daga cikin nau'o'in labarai da suka sami gindin zama a bakin Hausawan wannan zamani akwai labarin wasu mutane 'yan ƙalilan, ɓoyayyu, waɗanda aka ce su ke juya duniya kamar waina a tanda. Wani lokaci a kira su Iluminati, wani lokaci Firimesin ko Masuniyya, wani lokaci kuma a bar su ba suna, a ce "mutanen nan". Su ake jingina wa tashin yaƙi da faɗuwar darajar kuɗi da ɓarkewar annoba, har da naɗa shugabanni da tuɓe su. Ana jin labarin a majalisun hira da tashoshin mota da wasu wuraren wa'azi, tun daga birnin Kano har zangunan Kurmi, kuma wayar hannu ta ƙara masa fiffike.

Manufar wannan maƙala ita ce yi wa wannan labari tarke a matsayinsa na zancen baka mai jigo da salo da zubi, sannan a auna shi da wani aiki na ilimi wanda ya bi diddigin yadda tsirarun mutane ke riƙe harka a hannunsu. Aikin kuwa shi ne littafin Abner Cohen mai suna Custom and Politics in Urban Africa (1969), wanda ya rubuta a kan unguwar Sabo ta Ibadan. An zaɓi Sabo ne domin an daɗe ana kallon mazaunanta a matsayin 'yan tsiraru masu haɗa baki su kankane ciniki. Watau abin da wasu Hausawa ke faɗi a kan wasu al'ummu na nesa, an faɗi irinsa a kan Hausawan Sabo. Za a nuna cewa ƙarfin labarin masu juya duniya ya fi dogara ga dabarun sarrafa harshe a kan hujja, kuma duk inda aka binciki "asirin" wata ƙungiya da idon basira, akan tarar da sunaye da adadi da dalili da kuma iyaka.

2.0 Asalin Labarin

Labarin baƙo ne a ƙasar Hausa, kuma ana iya bin sawunsa. Ƙungiyar Iluminati ta taɓa wanzuwa. Wani malamin shari'a a jami'ar Ingolstadt, Adam Weishaupt, shi ya kafa ta ran 1 ga Mayu, 1776, a Bafariya ta ƙasar Jamus. Ba ta cika shekara goma ba mahukuntan Bafariya suka haramta ta a 1784 da 1785, suka ƙwace takardunta, suka buga su kowa ya karanta. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, sai wani limamin Kirista Bafaranshe, Augustin Barruel, da wani malami ɗan Sikotlan, John Robison, suka wallafa littattafai a 1797 suna cewa ƙungiyar ba ta mutu ba, ita ce ma ta kitsa juyin. Daga nan aka sami tubalin farko na labarin: ƙungiyar da ta kasa kare kanta daga 'yan sandan ƙaramar ƙasa ta koma mai kifar da sarakuna.

Tubali na biyu shi ne ƙasidar da aka fi sani da Protocols of the Elders of Zion, wadda ta fara fitowa a Rasha a 1903, aka ce bayanin taron sirri ne na shugabannin Yahudawa. A watan Agusta na 1921 wakilin jaridar The Times ta Landan, Philip Graves, ya jera sassanta kafaɗa da kafaɗa da wani littafin zambo da Maurice Joly ya rubuta a 1864 a kan Sarki Napoleon na Uku, ya nuna cewa kwafe aka yi, aka sauya sunaye. Littafin Joly bai ambaci Yahudawa ba sam. Duk da wannan tonon silili, 'yan Nazi sun riƙi ƙasidar makami. An fassara ta zuwa Larabci, haka kuma aka fassara littafin William Guy Carr, Pawns in the Game, na tsakiyar shekarun 1950, da sunan Ahjar ala Ruƙ'atish Shaɗranj. Ta ƙofar Larabci labarin ya fi samun karɓuwa a wurin ɗalibanmu, domin duk abin da ya zo cikin harshen littattafan addini yakan ɗauko wani kwarjini da ba nasa ba. A 2008 kuma jerin fina-finan intanet mai suna The Arrivals ya haɗa Iluminati da batun Dujal, aka yi ta kwafarsa a faya-fayai. Zuwan annobar korona a 2020 ya ƙara wa labarin sababbin taurari, irin su Bill Gates da turakun sadarwa na 5G.

Ya kamata a rarrabe abu biyu a nan. Bayyanar Dujal batu ne da ya zo a hadisai, kuma wannan maƙala ba ta taɓa shi ba. Abin da ake yi wa tarke shi ne ɗaukar hoton ido guda a jikin kwali ko takardar kuɗi a ce ga shaida. Alal misali, ido da dalar dutse da ake nunawa a kuɗin Amurka ɓangare ne na hatimin ƙasar da aka amince da shi a 1782, ba a sa shi a kuɗi ba sai 1935, kuma a takardar dala ɗaya kaɗai yake. Kowane ɗan canji a Sabo na iya tabbatar da cewa babu shi a takardar dala ɗari.

3.0 Salo da Sarrafa Harshe

3.1 Ɓoye mai aikatawa

Babban makamin mai ba da wannan labari shi ne lamirin nan da ba ya fayyace mai aiki, wato a, an, aka, ana, ake, za a, wanda Newman (2000) ya kira mutum na huɗu. Dubi waɗannan jimloli da aka tsara a kan irin zubin da ake ji:

(1) An riga an shirya komai tun da daɗewa.
(2) Ana so a rage yawanmu.
(3) Ba a son a sani, shi ya sa aka ɓoye.

A jimla ta (1) zuwa ta (3) akwai aiki, akwai wanda aikin ya faɗa wa, amma gurbin mai aikatawa fanko ne. Wannan lamiri yana da ayyuka na halal a Hausa. Da shi ake girmamawa, kamar a ce wa dattijo "An dawo lafiya?" Da shi ake nuna kunya da kawaici, kamar uwa ta ce "An yi rashin ji" don kada ta kama sunan ɗan fari. Da shi ake rubuta maƙalun ilimi irin wannan. Sai dai a duk waɗannan wurare mai sauraro ya san wanda ake nufi, ko kuma yana iya tambaya a gaya masa. A labarin masu juya duniya kuwa, da zarar an tambaya "Wa ya shirya?" sai a amsa da wakilin suna su, wanda ba shi da sunan da yake wakilta a baya: "Ai su ne." In an matsa, a ce "manya". Saboda haka jimlar ba ta da inda za a kama ta a gwada. Wanda ba a ambata ba, ba a iya wanke shi, ba a kuma iya kama shi da laifi.

3.2 Faɗuwar "wai"

Hausa tana da kalmar da ke raba abin da mutum ya gani da abin da ya ji, ita ce wai. Mai cewa wai ya sauke nauyin zance daga wuyansa, ya kuma gargaɗi mai sauraro. Abin lura shi ne yadda kalmar ke zubewa a hanya yayin da labari ke tafiya daga baki zuwa baki:

(4) Wai allurar tana hana haihuwa.
(5) An ce allurar tana hana haihuwa.
(6) Ashe allurar tana hana haihuwa!
(7) Ai allurar tana hana haihuwa.

Tsakanin (4) da (7) ba a ƙaru da ko ƙwayar hujja ba, ƙwayoyin kalmomi kawai aka sauya. Ashe tana nuna mai magana ya farka daga barci, ta mai da shi mai gano gaskiya. Ai kuma tana nuna abu sananne ne, wanda ya musa shi ne baƙo a gari. Saƙon murya da ake turawa ta WhatsApp ya ƙara saurin wannan zubewa, domin murya takan iso ba tare da sunan mai ita ko ranar da ya yi maganar ba. Wannan ya saɓa wa tarbiyyar ilimi da malaman ƙasar Hausa suka gada, inda ake tambayar isnadi kafin a karɓi ruwaya, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurati take umurni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi.

3.3 Kalmar "asiri"

Da aka tashi fassara sunan irin waɗannan ƙungiyoyi sai aka ce "ƙungiyar asiri". Kalmar asiri, wadda aka aro daga Larabci, tana ɗauke da ma'ana aƙalla uku a Hausa. Ta farko, abin da aka ɓoye. Ta biyu, sihiri ko sammu, kamar a ce "an yi masa asiri". Ta uku tana cikin "rufin asiri", wato wadatar da ke kare mutuncin mutum daga idon jama'a. Mai jin "ƙungiyar asiri" yakan haɗa ma'ana ta farko da ta biyu ba tare da ya lura ba, sai ƙungiyar da ke rufe ƙofa in tana taro ta zama ta matsafa masu shan jini. A Nijeriya wannan ya daɗa ƙarfi saboda akwai ƙungiyoyin gida da ake jin tsoro, har sashe na 38(4) na tsarin mulkin 1999 ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar shiga ƙungiyar asiri ba. Fassarar ta ɗauko tsoron gida ta yafa wa labarin waje.

3.4 Zubi

A zubinsa, labarin ya yi kama da tatsuniya: akwai Dodo mai iko marar iyaka, akwai jama'ar gari da ke barci, akwai tauraro guda mai wayo da ya gano sirrin, wanda shi ne mai ba da labarin kansa. Bambancin shi ne tatsuniya tana da gaskiyar bayyana kanta. Tana buɗewa da "Ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "Ƙurunƙus", har mai yin ta ya amsa cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Labarin masu juya duniya ba shi da marufi. Daɗin daɗawa, yana cin kowace irin hujja ya ƙoshi: in an sami alama, a ce biri ya yi kama da mutum, in ba a samu ba, a ce ai sun iya ɓoyewa, in wani ya musa, a ce an saye shi. Zancen da babu abin da zai iya ƙaryata shi ya fita daga da'irar bincike.

4.0 Sabo a Littafin Cohen

An kafa Sabo a 1916, a gefen Mokola, lokacin da mahukuntan Ibadan da Turawan mulki suka keɓe wa Hausawa unguwa ƙarƙashin sarkinsu. Cohen ya zauna a can daga 1962 zuwa 1963, lokacin mazaunanta ba su fi dubu huɗu da 'yan kai ba a cikin birni mai dubban ɗaruruwan mutane. Duk da ƙarancinsu, su ke riƙe da fataucin shanu daga Arewa zuwa Ibadan, da na goro daga Kurmi zuwa Arewa. Ga wanda ke waje, wannan abin tuhuma ne: baƙi 'yan kaɗan, masu harshensu daban, da sarkinsu daban, daga baya har da masallacinsu daban, kuma duk wanda ya yi yunƙurin kutsawa cikin cinikin sai ya sha ƙasa. Duk kayan haɗin labarin makirci sun cika.

Abin da ya sa littafin ya yi fice shi ne Cohen ya cike gurbin mai aikatawa. Ya fara da matsalolin cinikin kansa. Shanun da aka koro daga Arewa suna shiga yankin ƙudan tsando, sammore ya kama su, don haka tilas a sayar da su cikin 'yan kwanaki kafin su rame su mutu. Goro ma ɗan lallashi ne, yana son a riƙa buɗe huhu ana duba shi, kuma farashinsa na hawa da sauka. A kasuwar shanun Ibadan ana sayar da kimanin kai 75,000 a shekara a wancan lokaci, kuma galibi bashi ne. Mahautan Yarabawa ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Falken da ya zo daga nesa bai san su ba. Babu takardar yarjejeniya, babu banki a tsakani, kotu kuma ba ta da saurin da zai yi wa baƙo amfani.

Wanda ya toshe wannan giɓi shi ne maigida, wato fatoma. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa. Dillali ya san kowane mahauci: nawa yake iya yankawa, wa yake bin sa bashi, yaushe ya taɓa saɓa alkawari. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, domin in ya bari baƙonsa ya yi asara, labari zai kai Arewa, ba mai sake sauka gidansa. Mahaucin da ya ci bashi kuwa masu gidaje sukan haɗu su daina sayar masa har sai ya biya. Watau jarin Sabo shi ne amana da sanin mutane, kuma harshe ɗaya da addini ɗaya da auratayya su suka sa labarin mai gaskiya da na macuci ke saurin zagawa. In za a ce Sabo tana da asiri, to ma'ana ta uku ce: maigida yana rufa wa baƙonsa asiri domin nasa ya rufu.

Cohen ya ci gaba da nuna abin da ya faru da wannan tsari ya fuskanci barazana. A farkon shekarun 1950 mulkin En'e ya fara ja da baya, hukuma ta rage goyon bayan da take ba Sarkin Sabo, jam'iyyun siyasa suka shigo suna raba kan jama'a. A daidai wannan lokaci mafi yawan mazan unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin Ibadan, suka tsai da Juma'arsu a Sabo. A fahimtar Cohen, wazifa da zikirin Juma'a da biyayya ga muƙaddamai sun sake ɗaure unguwar a lokacin da igiyar hukuma ta saki. Muhimmin abu shi ne bai ce wasu sun zauna a ɗaki sun ƙulla haka ba. Ya nuna mutane sun shiga ɗariƙa don neman tsira a wurin Allah, amfanin siyasa da na ciniki ya biyo baya. Har ila yau, littafin cike yake da rigingimun cikin gida: takarar sarauta, da hamayyar masu gidaje a kan baƙi, da ƙorafe-ƙorafen da Hausawa suka riƙa kai wa hukuma a kan junansu.

Gwaji mafi ƙarfi ga bayanin Cohen shi ne abin da zamani ya yi. Tun da ya jingina riƙon Sabo ga wasu sharuɗɗa, to in sharuɗɗan sun sauya dole riƙon ya sassauta. Haka kuwa aka yi. Manyan motoci sun rage kwanakin tafiya, banki da wayar hannu sun rage buƙatar mai ajiye kuɗi da mai kawo labari, karar shanu ta koma wajen gari can Akinyele, kayan gwari suka yi sansani a Sasa. Yau an fi sanin Sabo da 'yan canji da masu tsire. Bayanin da ke iya faɗin ranar da zai daina aiki ya bambanta da labarin Dodon da ba ya tsufa.

4.1 Firimesin na Firitawun

Cohen bai tsaya a Sabo ba. A 1970 ya yi bincike a Saliyo a kan Kiriyo, zuriyar 'yantattun bayi, waɗanda ba su kai kashi biyu cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba amma suka yi yawa a aikin gwamnati da shari'a da likitanci. Sakamakon ya fito a littafin The Politics of Elite Culture (1981). A nan ya tarar da Firimesin na gaske, da zaurukansu a birnin Firitawun, mafi yawan membobinsu Kiriyo. Bai wanke su ba: ya nuna cewa cin abinci tare da rantsuwar 'yan'uwantaka suna buɗe ƙofar alfarma a wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, abin da ke tauye wanda ba ya ciki. Amma ya lura cewa zaurukan sun fi ƙaruwa a lokutan da Kiriyo suka ji ƙasa na zame musu. Tun zaɓen 1951 rinjayen siyasa ya koma hannun mutanen cikin ƙasa ƙarƙashin Milton Margai, wanda ya karɓi 'yancin kai a 1961. Al'ummar da ta rungumi Firimesin haka ba ta iya riƙe mulkin ƙaramar ƙasarta ba. Shiga zaure a nan alamar fargaba ce, kamar yadda keɓewar Sabo ta kasance.

4.2 Raunin littafin

Aikin Cohen bai kuɓuta daga suka ba. Na farko, ya matsa wa addini lamba ya zama bawan tattalin arziki. Failar Shehu Ibrahim ta bazu a Kano da zangunan Gana a wannan zamani, kamar yadda Paden (1973) ya nuna game da Kano, a wuraren da babu mahautan Ibadan balle barazanarsu. Dalilin da ya keɓanta da Sabo ba zai wadatar wajen bayanin abin da ya game Afirka ta Yamma ba. Na biyu, muryar mutanen Sabo da harshensu ba ta fito sosai ba. Mai nazarin harshe zai so ya ji yadda dillali da mahauci ke ƙulla lamuni, da wace Hausa ko wane Yarabanci. Na uku, yawan nanata cewa al'ada rufi ce ga maslaha yana iya sa mai karatu marar haƙuri ya ɗauka duk ibada dabara ce, wanda shi ma wani nau'in mugun zato ne.

Sai dai wannan suka ita kanta shaida ce a gare shi, domin ya ba da wuri da shekara da adadi da za a kama a yi masa gyara. Wani zai ce Cohen Bayahude ne haifaffen Bagadaza, don haka ba abin yarda ba ne. Amsa ita ce Sabo tana nan, zuriyar masu gidaje da dillalai suna nan, gani ya kori ji. Ƙin karanta littafi saboda asalin marubucinsa shi ne ƙofar da labarin makirci ke rufewa don kada haske ya shiga.

5.0 Makirci na Gaske da na Baki

Kada a fahimci cewa babu makirci a duniya, ko kuwa masu yarda da labarin wawaye ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu. Jaridar Washington Post ta fallasa batun a 2000, aka shiga kotu, a 2009 kamfanin ya yi sulhu da Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. A wannan jimla akwai suna da wuri da shekara da adadi; babu an ko su marasa asali. Shi ya sa aka iya kai ƙara.

A gefe guda, a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa bisa zancen cewa ana so a hana Musulmi haihuwa. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, bayan cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe. A Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Jimla ta (2) da ta (7) da aka kawo a sama ba wasan nahawu kaɗai ba ne. Akwai yaran da suka shanye a kansu.

Ga mazauna zango kuma akwai wani haɗarin. Cohen ne ya yayata kalmar da ke nufin al'ummar fatake mazauna ƙasar wasu, kuma irin waɗannan al'ummu su ne abincin labarin makirci a ko'ina. A siyasar Nijeriya an daɗe ana zancen "Kaduna Mafiya", har Bala Takaya da Sonni Tyoden suka shirya littafi a kanta a 1987, kuma a bakin talakan Kudu zancen yakan faɗaɗa ya zama "shirin 'yan Arewa", ya haɗa da mai tsire da mai gyaran takalmi. Rikicin Shagamu na Yulin 1999 da na kasuwar Sasa na Fabrairun 2021 sun nuna yadda ƙaramin saɓani ke zama gobara idan an riga an shuka cewa "su" suna da wata manufa a ɓoye. Bahaushen Sabo da ke yaɗa labarin wasu baƙi 'yan kasuwa masu mulkin duniya yana wasa wuƙar da aka saba yanka irinsa da ita.

6.0 Kammalawa

An ga cewa labarin masu juya duniya baƙo ne mai sanannen asali, kuma ya zauna a Hausa ta hanyar ɓoye mai aikatawa, da zubar da wai, da cakuɗa ma'anonin asiri, da aron zubin tatsuniya ba tare da marufinta ba. An kuma ga cewa binciken Cohen a Sabo da Firitawun ya tabbatar da cewa tsiraru na iya riƙe harka, suna iya fifita nasu, amma riƙonsu yana da dalili da iyaka da ranar ƙarewa, kuma cikinsu ba ya rasa rigima.

Aikin da ke gaban manazarta harsunan Nijeriya shi ne su tattara waɗannan labarai kamar yadda magabata suka tattara tatsuniyoyi da karin magana, da Hausa da Yarabanci da Ibo, a rubuta wanda ya faɗa da wurin da ranar, a kwatanta yadda kowane harshe ke ɓoye mai aikatawa. Unguwanni irin su Sabon Ibadan da Sabon Garin Kano, inda kowane ɓangare ke baƙo a wani wuri, su suka fi dacewa da wannan aiki. A aji kuma, malamin nahawu da ya koya wa ɗalibi ya tambayi "Wa ya yi?" duk lokacin da ya ji an, da "In ji wa?" duk lokacin da ya ji ai, ya ba shi abin da zai kare kansa da maƙwabcinsa.